Fuskar da Ban Ɗinka Ba

Na sauka Hong Kong da babbar rigar mahaifina a jiki, da kwalbar allurai a aljihu, da kuma girman kai mai yawa, don a lokacin ina ganin daga Bebeji har Doguwa babu wanda ya kai ni ɗinkin hannu. In gaya muku gaskiya, har yau ban canja ra'ayi ba.

Shekarar da ruwan Tiga ya gama shanye garinmu ke nan. An mayar da mu sabon matsuguni a kan tudu, manoman jiya suka koma koyon jefa koma da tuƙa kwalekwale. Ni ban iya ruwa ba, allura na gada. Mahaifina, Malam Isiyaku, shi ya koya mini. Yakan sayi gidan tsutsar tsamiya a hannun Fulanin Falgore, a dafa da toka, mahaifiyata ta kaɗa zare, mu kuma mu zauna a zaure muna zuba aska biyu da tambari a wuyan riga. Doka ɗaya ya kafa mini, ya faɗa ranar da ya miƙo mini allura, ya kuma maimaita a ciwon ajalinsa.

"Haladu, ka ɗinka ganye, ka ɗinka tauraro, ka ɗinka duk abin da hannunka ya iya. Amma abin da ke da ido, kada allurarka ta shiga cikinsa."

Na ce na ɗauka. Kabarinsa yana cikin abin da ruwa ya rufe, saboda haka ko wurin da zan tsaya in yi masa ƙorafi ba ni da shi.

Wanda ya kai ni ƙasar wani dillalin yadi ne da muke kira Alhaji Nababa. Ya ga aikina a kasuwar Tudun Wada, ya ce mutanen Sin suna da keken da ke ɗinke riga tsakanin azahar da la'asar, mai zana musu irin namu kawai suka rasa. Ya rantse kafin ruwan shuka mun dawo. Na bar mahaifiyata da matata Hanne da ƙaramin ciki, na bi shi.

Zangona na farko masana'anta ce a saman wani dogon bene, mai zafi da ƙarar kekuna. Mata ne zalla ke aiki a ciki, abin da ya fara ba ni mamaki, don a wajenmu ɗinkin riga aikin maza ne. Wata daga cikinsu ta zo ta murza bayan hannuna da yatsa ta duba ko baƙin zai fita. Ni ma na murza nata na duba, ɗakin ya kwashe da dariya, daga ranar muka shirya. Abinci kuwa shinkafa da shayi da ayaba na lizimta, don duk romon da aka miƙo mini sai in ji kamar alade na leƙo ni daga ciki.

Na zana musu duk abin da na sani a kan takarda, har irin zanen da Baba ba ya nuna wa baƙo. Suka ɗora wa kekensu, ya fitar da rigar farko. Daga nesa riga ce. Da na juya bayanta sai na ga zare ya cakuɗe kamar saƙar gizo-gizo a rumbu. Na faɗa wa Alhaji, ya ce mai saye ba ya juya riga. Bayan an gama kwafe zanen ƙarshe, ya ce zai haye ruwa ya duba wata masana'antar, ya kuma karɓi tikitina na komawa wai don kada ya ɓace mini. Bai ɓace ba kam, yana hannunsa har yau. Da mai masauki ya gaji da jira, sai na dawo wata rana na tarar da jakata a kan matakala.

Zango na biyu ƙarƙashin matakala ne. Wani maigadi ɗan Pakistan mai suna Gulam ya gan ni ina sallar la'asar a kan kwali a lungu, ya jira na sallame, ya yi mini sallama. Ban taɓa jin daɗin sallama irin ta ranar ba. Ya ba ni rabin shimfiɗarsa da rabin gurasarsa da wata miyar wake mai yajin da ke sa mutum tuna zunubansa. Da rana ina dako a bakin tashar jiragen ruwa. Nauyin kaya bai dame ni ba, hannuwana nake ji, don sun fara tsagewa suna yin kanta, kuma maɗinkin da yatsunsa suka mutu ya gama yawo. Ranar da aka yi ruwan farko a can na shaƙi iska ina neman ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ƙarnin kifi da hayaƙin mota. Na lissafa cewa Hanne ta haihu ko tana gab, ban san mace ko namiji ba, ban san ko tana raye ba. Na zauna a kan buhun mutane na yi kuka sosai, ban kuma ji kunya ba.

Zango na uku shi ne dalilin wannan labari. A hanyata ta zuwa dako akwai wani ɗan shago mai taga, kullum wata tsohuwa na zaune a bakinta ta sunkuya kan wani katako da aka ɗaure siliki a jiki ya yi tauri kamar fatar ganga. Mu a kan gwiwa muke ɗinki, ban taɓa ganin irin wannan ba. Na riƙa tsayawa ina kallo. Wata Juma'a na biyo da rigar Baba a jiki, sai tsohuwar ta fito ta kama mini hannun riga ta ja ni ciki. Ta juya aljihun ta duba bayan ɗinkin, ta kai shi har dab da hancinta. Ni ma na durƙusa na leƙa ƙarƙashin katakonta. Bayan aikinta da gabansa ɗaya ne, ko ƙulli babu. Na ɗago, ta ɗago, kowa ya san abin da ya gani.

Unguwar na kiranta Popo, wato kaka, ni kuma Iya nake ce mata. Sana'arta gyaran tsofaffin ɗinkin siliki na gidajen ibadar mabiya Buda. 'Yarta A Lin, mai aikin akawu, tana jin Turanci, ni ma ina da ɗan nawa na 'yan kasuwa, da shi muka riƙa lallaɓawa, har ta ce uwarta na so in zauna in taya ta aiki. Da idona ya saba da duhun shagon na ga abin da ke rataye a bango, sai da na yi a'uzu billahi a zuci. Ga mutum zaune ya harɗe ƙafa, kunnuwansa har kafaɗa, hannu ɗaya na taɓa ƙasa. Ga wasu masu zare ido riƙe da takubba, wai masu gadin ƙofa ne. Nan take na ce wa A Lin ta gaya wa uwarta ni Musulmi ne, zan ɗinka ruwa da gajimare da fure, amma ba na ɗinka fuska, na kuma ba ta labarin Baba. Tsohuwar ta gyaɗa kai kawai. Ashe ita ma tun rasuwar mijinta ta yi alwashin barin nama, ta san nauyin alkawari. Washegari ta sayo mini sabuwar tukunya tawa ni kaɗai.

Haka muka zauna. In zan yi salla sai ta rage rediyo ta kauce daga gabana. In za ta kunna turarenta sai in fita bakin ƙofa in sha iska. Ta koya mini tsaga zaren siliki, a tsaga a sake tsagawa har ya koma abin da numfashi ke ɗagawa. Ni da nake taƙama da sirantar tsamiyarmu, sai na ga ashe igiyar guga muke ɗinki da ita. Na sha duka da bayan almakashi kafin hannuna ya faɗa, amma ya faɗa da wuri, don jini ba ya ƙarya wajen allura.

A hankali na fara gane abin da nake gyarawa. Furen da dukkansu ke zama a kai ashe bado ne, irin wanda ke fitowa a kududdufin bayan garinmu muna cin 'ya'yansa muna yara. A Lin ta ce suna girmama shi ne don a cikin taɓo yake tsirowa amma ya fito fes. Yadda aka lanƙwasa yatsu ma magana ce, wannan na cewa kada ka ji tsoro, wancan na cewa ga kyauta. Wata rana Iya ta nuna mini wani ƙulli marar farko marar ƙarshe a gefen wani tsohon yadi, tana shirin koya mini. Na karɓi alli na zana mata shi ido a rufe. Dagi ne, wanda muke sawa a riga da bangon soro, bambancin kaɗan ne. Ta daɗe tana kallona kamar na sato mata wani abu daga ɗaki.

Ana nan sai wani dillalin kayan tarihi, Mista Lo, ya kawo babban aiki. Wani tsohon labule ne mai tsawon mutum, daga wani gidan ibada na mata a yankin su Iya. A shekarun baya matasa na ƙone irin waɗannan kaya a can babban yankin ƙasar Sin, sai wani ya naɗe shi a ƙugu ya yi iyo da shi ya tsallako Hong Kong. Hoton wata mace ce tsaye a kan bado, da 'yar kwalba a hannu ɗaya da reshe a ɗayan. Sunanta Kun Yam, suna cewa ita ke jin kukan wanda ya shiga uku. Ruwan gishiri ya ci ƙasan labulen, ya kuma cinye fuskar, saura inuwar gira ɗaya. Da na duba girar da kyau sai na ga ba zare ba ne. A Lin ta ce gashin mutum ne. Matan da, in sun yi alwashi, sukan tsige gashin kansu ɗaya bayan ɗaya su ɗinka fuskar da shi.

Mai sayen labulen wata dattijuwa ce, uwar wani mai jiragen ruwa, tana so ta kai shi gidan ibada ranar bikin Kun Yam. Matsalar ita ce idon Iya. Farar yana ta fara rufe shi, likita ya riga ya gargaɗe ta cewa in ta ci gaba da ƙananan aiki ɗan abin da ya rage ma zai tafi. Mista Lo ya san haka, ya kuma ga hannuna. Ya zaunar da ni ya ce jirgin ɗan dattijuwar na zuwa Legas bayan bikin. In na ɗinka fuskar, da zare ma ba sai da gashi ba, shi zai sama mini wuri a ciki.

Na fita na tafi bakin ruwa na tsaya ina kallon jirage. Gulam, da na ba shi labari, ya ce larura ce, Allah na ganin zuciya, in ɗinka in tafi ga iyalina in yi istigfari. Wataƙila yana da gaskiya, ni ba malami ba ne. Amma ba fatawa nake nema ba, magana ce tsakanina da mutumin da ke kwance ƙarƙashin ruwan Tiga. Abin da ya fi wahalar da ni kuma ba kewar gida kaɗai ba ce. Na san zan iya fuskar nan, na riga na gan ta a kaina, har yatsuna na ƙaiƙayi. Kwanaki ina fama da wannan, abinci ma ba ya shiga.

Ranar da Mista Lo ya dawo jin amsa, na ce wa A Lin, "Ki gaya masa na gode. Ruwan da badon da gajimaren duk nawa ne, zan yi su yadda ba a taɓa yi ba. Fuska kuwa ba zan taɓa ba, ko da a nan za a binne ni."

Ya fara faɗa yana nuna ni da yatsa. Iya ta buga katako da tafin hannu, ta faɗi wata gajeriyar magana. A Lin ta fassara mini.

"Ta ce mahaifinka ya riga Mista Lo magana."

Sai tsohuwar ta kai hannu ƙeya ta zare tsinken da ke riƙe da gashinta. Ya zubo har baya, fari fat kamar auduga. A Lin ta gane nufinta kafin ni. Suka yi ta sa-in-sa da yarensu, 'yar na kuka, uwar na tsefe gashi abinta. Da A Lin ta rasa yadda za ta yi, ta juyo kaina.

"Mahaifinka ya mutu," in ji ta. "Uwata tana da rai, kuma idonta za ta ba da saboda kai."

Na roƙi Iya ta bar aikin gaba ɗaya, a mayar wa mai shi, ni zan koma dako. Ta ce labulen garinsu ne, kakanninta mata sun durƙusa a gabansa, ba za ta bari ya tafi ba fuska ba, kuma in daina yi mata surutu in kawo allura.

Kullum da hantsi, lokacin da haske ya fi kyau a taga, sai ta wanke hannu ta kunna turare, in fita, in dawo. Ta tsige gashi ɗaya ta miƙo mini in zura mata a allura, don ba ta ganin kafar, kamar yadda nake zura wa mahaifiyata a gida. Ita tana sama, hancinta na gogar siliki, hawaye na bin kumatunta tana sharewa da gefen hannu don kada ya ɗiga. Ni ina ƙasa ina tayar da ruwa da bado. Na zuba duk abin da Baba ya koya mini da wanda ta koya mini, na bi gefen da dagi. Ban taɓa aiki irin wannan ba, ban kuma sake ba. Wajen ƙarshe da yatsa take lalubar inda allura ta fito.

Da aka gama, na ɗaga kai na kalli fuskar sau ɗaya. Idon a lumshe yake kamar na uwa mai kallon jariri a cinya, gira da gashin goshi duk furfura. Mista Lo ya ce an kashe masa kasuwa, ba a taɓa ganin Kun Yam da furfura ba, ya zaro tawada daga aljihu wai a rina. Iya ta ɗora hannu a kan katakon ta ƙi ɗagawa. Suna cikin haka dattijuwar ta iso, ana riƙe da ita. Ta daɗe a gaban labulen. Sannan ta juyo ta dubi kan Iya, inda gefe guda ya yi sanƙo, ta haɗa tafukanta ta sunkuya mata. Mista Lo ya mayar da tawadarsa aljihu.

Dattijuwar ta shafa ruwan da na ɗinka, ta tambayi wane ne baƙin mutumin nan, kuma me ya hana mai irin wannan hannu ya hutar da tsohuwa. A Lin tana fushi da ni, amma ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan, har da kabarin da ke cikin ruwa. Dattijuwar ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce ɗan da ke jin maganar ubansa bayan an binne shi ba a barinsa a kan hanya. Ta ce za ta yi wa ɗanta magana, amma ba kyauta ba ce, zan riƙa ɗinke musu tamfol da kayan ma'aikata har Legas. Na ce ko jirgin ne ya yage zan ɗinke.

Ranar tafiya Iya ba ta bambance komai sai haske da duhu. Ta sa hannu biyu ta shafa fuskata, goshi da hanci da gemu. Na tuɓe rigar Baba na ɗora mata a cinya, don na san yatsunta za su karanta ta fiye da idon kowa. Ta lalubo aljihun ta juya bayansa, ta yi murmushi. Ta ba ni allurar da ta yi fuskar da ita. A Lin ba ta yi mini sallama ba, amma da na buɗe jakata a jirgi na tarar da ƙunshin busasshen kifi da ganyen shayi.

Zangon ƙarshe ruwa ne, da amai, da tamfol mai karya allura, sannan Legas, sannan jirgin ƙasa zuwa Kano. Na iso gida da la'asar. Mahaifiyata ta tsufa, Hanne ta rame, wata 'yar yarinya da ta fara tafiya ta ɓuya a bayan zaninta tana leƙen baƙo. An daɗe da fidda rai da ni. Alhaji Nababa kuwa na gan shi daga baya a kasuwar Tudun Wada da tulin rigunan keke masu zanena. Na ɗauki ɗaya na juya bayanta a gabansa, na ajiye, na yi gaba.

Bayan na huta, na roƙi maƙwabcinmu Malam Sabo, wanda ya koma masunci, ya kai ni tsohon garinmu. Da kan wani busasshen rimi da ya leƙo saman ruwa yake gane wurin. Muka ratsa ta cikin bado a bakin gaɓa, ya yi ta tuƙi, sannan ya tsayar da kwalekwale ya ce maƙabarta na nan ƙarƙashinmu. Na yi wa Baba addu'a. Sannan na sunkuya dab da ruwan, ban damu da Malam Sabo na ji ba.

"Baba, na dawo. Ban ɗinka ba," na ce. "Amma ba ni kaɗai na riƙe maka alkawarin nan ba. Akwai wata tsohuwa a can, ba ta san ka ba, ba ta kuma yin salla. Da idonta ta biya."

Malam Sabo ya tambaye ni wace ce. Na ce ya ɗaga hannu kawai ya taya ni roƙon Allah ya saka mata da alheri, ya ajiye filafili ya ɗaga.